Ƙwaƙwalwar Ragon Malam Tanimu

Kwana uku bayan Babbar Sallah, a shekarar da naira ta kori fam da sule, na fito daga gidanmu a Unguwar Kanawa da sassafe, rungume da ɗan kwanon Inna mai murfi a ƙarƙashin rigar makaranta, ina tafiya a karkace kamar mai murɗar ciki. A cikin kwanon akwai ƙwaƙwalwar rago guda cur, da wata 'yar mitsitsiya ta zakara a gefenta. Tun ranar Sallah na tafasa su da gishiri na ɓoye a bayan randa inda ƙasa ke da sanyi, amma duk da haka sun fara sanar da kansu. Ƙudaje biyu suka yi mini rakiya tun daga zaure. A bakin famfon unguwa abokina Bitrus ya tare ni, ya shaƙi iska, ya ja da baya, ya ce, "Sale, me ya mutu a jikinka?" Na ce masa ba abin da ya mutu, hujja ce na ɗauko. Shekarata goma sha ɗaya, ina aji huɗu karo na biyu, kuma a ranar ne za a karanta sunayen waɗanda za su wuce aji biyar. Idan sunana bai fito ba, Baba ya riga ya yanke magana: na gama da boko, sai kasuwa. Ni kuwa, da ɗan wayona na ɗan akuya, na ɗauka abin da ke cikin kwanon nan shi zai cece ni.

Bari in faɗi ko mu su wane ne. Baba mahauci ne, amma ba irin masu rataye cinya da ƙirji a gaban layi ba. Shi kai da ƙafa ne sana'arsa, can ƙarshen layin mahauta a Babbar Kasuwa, inda hayaƙi ke tashi. Gidanmu kuwa ko makaho ya shigo lungun ya san ya iso, saboda ƙaurin babbaka ya kama bango, ya kama tabarma, ya kama har sabulun da muke wanka da shi. Kafin in tafi makaranta sai na hura wuta, na jera kawuna a kan waya, na juya su har gashin ya ƙone, sannan in zauna da tsohuwar wuƙa ina kankarewa, in wanke a baho, in canja ruwa sau uku. Ranar Asabar kuma mu nufi 'yar gonar Baba wajen Unguwar Dosa, lokacin da gonaki suka fi gidaje yawa a can, in yi ta bin kunya ina cire ciyawa, hankalina yana kan ƙadangarun da zan harba da danƙo a hanyar dawowa. Wasa ban rasa shi ba: langa, ƙwallon tsumma, gare da tsohon kaskon keke. Sai dai duk inda na shiga cikin yara, ƙaurin nan ya riga ni isa.

Abu guda ne Baba bai yarda in taɓa ba, shi ne fasa kai. Ya kan ce kowane sakarai yana iya raba kan rago biyu da gatari, amma ya dagargaza abin da ke ciki, ya cakuɗa shi da tsinin ƙashi. Shi kuwa sai ya ɗora kan a kututture, ya laluba da babban yatsa har ya sami inda ƙasusuwan suka haɗu kamar ɗinki, ya bi wurin da ƙaramin gatarinsa, ƙwas, ƙwas, a hankali, sannan ya sa yatsu ya ɗaga murfin kamar mai buɗe kwanon sarki. Ni ina tsugune a gefe ina riƙe da tasa, idona kamar ya faɗo. Na ga wannan abu sau ba adadi, kuma har yau bai daina ba ni mamaki ba. Da farko wani tantani ne mai sheƙi, da jijiyoyi ja sirara kamar zaren ɗinki. A ƙarƙashinsa ga ƙwaƙwalwar, ɓari biyu, da kwari mai zurfi a tsakiya ya raba su. Kowane ɓari kuwa ba inda yake a shimfiɗe: tudu ne da kwari, tudu da kwari, suna karkacewa suna komawa cikin juna kamar gonar da mahaukaci ya yi wa huɗa. Can wajen ƙeya kuma akwai wata ƙarama mai ninki sirara a jere kamar ganyen littafi. Ta saniya, ta akuya, ta rago, duk haka suke, kowacce da irin zanenta. Ta kaza da ta tantabara kuwa, da ta ɓeran da muka taɓa fasawa ni da Bitrus don neman magana, sumul suke kamar ƙwayar gyaɗa. Ba a bari yara su ci ƙwaƙwalwa a gidanmu. Inna ta ce yaron da ya ci ta rago, tunanin rago zai riƙa yi. Na sha sata ina ci a bayan madafa, kuma idan na dubi yadda rayuwata ta tafi, ba zan ce ta yi ƙarya ba.

Dokar Baba ɗaya ce, kuma ta fi ƙarfi a lokacin layya, sa'ad da mutanen unguwa ke kawo kawunan ragunansu a gyara musu. Kowane kai ana ɗaura masa ƙyalle a ƙaho don kada a sauya. Ya kan ce, "Ido biyu, harshe ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya. Yadda ya zo haka zai koma wa mai shi." A duk tsawon zamansa a unguwar ba a taɓa dawo masa da kai an ce wani abu ya ɓata ba, kuma da wannan yake taƙama, tunda ba shi da wani abin taƙamar.

To, sai Malam Tanimu, malamin ajinmu. Allah ya jiƙansa, tunda ya riga mu, amma ba zan yi masa kwalliya ba. Wani siriri ne mai dogon wuya, da biro uku a aljihun gaba, guda ɗaya ke rubutu. Yana magana ta hanci, yana tafiya kamar ƙasa ta yi masa laifi. An taɓa tura shi wani kwas na 'yan watanni, ya dawo da abu biyu: raina mutane, da wani babban hoton ƙwaƙwalwar ɗan Adam mai launin hoda da ya kafa da ƙusa a gefen allo. Daga ranar ya zama masanin kai. Ya kan nuna hoton da tsumagiya ya ce, "Kowane layi da kuke gani a nan, karatu ne ya tsaga shi. Jariri da kai sumul ake haihuwarsa kamar ƙwai. Wanda ya yi karatu, tasa ta ninku. Wanda bai yi ba, haka zai mutu sumul." Ban san inda ya samo wannan ba. Ina jin ranar da aka koyar da darasin a kwas ɗin barci yake yi, ya farka ya tarar da hoton, ya ƙarasa sauran da kansa.

Da a baki ya tsaya da sauƙi. Duk ranar Litinin, bayan an duba farce da haƙori, sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, kawunanmu a aske tal, ya sakar wa kowa ranƙwashi a tsakar ka, ya karkata kunne yana saurare kamar mai sayen kankana. Wai shi yana jin bambanci: mai ninki kansa ba ya amo, marar ninki kuwa yana kuwwa kamar fankon gwangwani. Da wannan ya raba ajin. Bencin gaba na masu ninki, na tsakiya na waɗanda ake sa rai, na baya kusa da tagar da ta karye na masu sumul. Abin da ya ɗaure mini kai tun a lokacin shi ne, kunnen Malam bai taɓa saɓa wa aikin uban yaro ba. 'Ya'yan akawu da 'ya'yan ma'aikatan sakatariya duk kawunansu a ninke suke. Ɗan mai wanki, ɗan lebura, da ni ɗan mahauta, duk kuwwa muke yi. Bitrus, da yake ubansa akawu ne, mutanen kudancin Kaduna da aiki ya kawo su suka kama haya a bayan gidanmu, a bencin gaba yake, shi ne ma monita. Na taɓa tambayarsa ko ranƙwashin masu ninki ya fi daɗi, ya ce wallahi zafin ɗaya ne. Ni kuwa Malam ya fi son kaina. Sai ya buga sau biyu ya ce, "Ku ji fa. Sumul!" Ajin ya kwashe da dariya. Sunan ya bi ni. Yau ina da jikoki, amma akwai tsofaffi a Unguwar Kanawa da idan ka ce Sale ba su gane ba, sai ka ce Sumul.

Kada in cuci mamaci, ni ma ba wani abin kirki nake taɓukawa ba. Lissafi ina yinsa a ka kafin na bencin gaba su gama feƙe fensir, amma Turanci ya tsaya mini a wuya kamar ƙashi, rubutuna kuwa sai ka ce kaza ta taka tawada. Zama wuri ɗaya ma azaba ne a gare ni. Ba na ƙasa can ba ne, ba na sama ba, irin yaran da idan malami ya so ya tura, idan ya so ya danne.

Wanda maganar Malam ta fi shiga ba ni ba ne, Inna ce. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta yi mini fara'a a gaban mutane, sai dai "kai yaron nan". Amma ita ce ta tsaya, da irin nacinta na shiru, har Baba ya bari aka sa ni makaranta, ita ce kuma ta ɗinka mini riga da gajeren wandon kaki daga abin da take samu a farfesun da take dafawa. Ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, don haka duk abin da ya fito daga bakin mai biro uku, a wurinta ya zauna. Idan wanzami ya gama yi mini aski ta kan kira ni ɗaki ta shafa mini man shanu, sai in ji yatsunta suna tsayawa, suna dannawa a hankali, suna laluben ƙoƙon kaina kamar za ta ji ninkin daga waje. Ta ba ni rubutu na sha, ta ba ni zuma da safe. Wata rana ina bayan ƙofa na ji tana ce wa maman Bitrus ta kan katanga, "Malaminsu ya ce kan nasa sumul ne. Amma wai idan aka dage yana ninkuwa." Yadda ta faɗi kalmar nan ta ƙarshe, kamar mai roƙon a tabbatar mata, shi ya fi duk ranƙwashin Malam yi mini zafi.

Ana saura kwana kaɗan Sallah, Bitrus ya zo mini da labari. Ya kai wa Malam littattafai ofis, ya ga takardar sunayen masu wucewa a kan tebur. Duk an rubuta da biro, sai suna ɗaya a can ƙasa da fensir: nawa. Ke nan Malam bai gama yanke shawara ba. Na faɗa wa Inna, ita kuwa ta yi dabara irin ta iyaye mata. Malam Tanimu yana cikin masu kawo wa Baba kan layya duk shekara, kuma kowa ya san ba abin da yake so a jikin rago kamar ƙwaƙwalwa. Ta ce a gyara masa kan nan fes, kada a karɓi ladan aiki, a ɗora masa ƙarin harshe a kai, ni kuma in kai da hannuna in durƙusa in gaishe shi. Dabara ce mai kyau. Da na bar ta yadda take, da wataƙila yanzu wani tsohon ma'aikaci ne ke ba ku labari, yana kukan fansho.

Ranar Sallah tsakar gidanmu ta cika da kawuna. Na Malam yana da shuɗin ƙyalle a ƙaho, amma ko ba ƙyalle na san shi. Ragon nan ya yi mako biyu a ɗaure a gindin mangwaron ƙofar gidan Malam, kuma ban taɓa ganin dabba marar kan gado irinsa ba. Yini yake yana tunkuyin bishiya, ya nannaɗe kansa da igiya har ya kusa shaƙewa, a kwance shi, ya sake. Iyakar karatunsa a duniya, rabin littafin lissafin wani yaro da ya taɓa cinyewa. Ina kankare kan nan sai tunani ya faɗo mini: idan maganar Malam gaskiya ce, to wannan kan dole a tarar da shi sumul. Da Baba ya fita sallar la'asar, na ɗauki ƙaramin gatarin da aka hana ni, na ja kan zuwa bayan madafa, na laluba ɗinkin da yatsa yadda na ga ana yi, na sara. Murfin ya ɗagu. Jama'a, ga ninki nan kwance, tudu da kwari, cunkus, har ya fi na hoton Malam kyan gani. Na tsaya ina kallo. Daga nan shaiɗan ya karɓi ragamar. Na zare ta ɗungurungum, na mayar da murfin, na ɗaure kan da kaba yadda Baba ke yi, na faɗa masa wani maƙwabci ne ya taya ni fasawa, shi kuwa aiki ya yi masa yawa bai bincika ba. Na ɗora ƙarin harshen, na kai gidan Malam, na durƙusa na gaishe shi da ladabi, da fankon kai a hannuna. Ta zakaran kuwa daga wanda Inna ta yanka wa baƙi na samo.

To, mu koma ranar kwano. Malam ya shigo aji da takardar a hannu, bai san komai ba, don kan ragon nasa yana nan a ɗaure a rataye cikin hayaƙin madafarsu. Har ya dube ni da wani abu mai kama da sassauci. Ya zauna, ya zaro biron nan mai rubutu, ya cire masa hula. Ina iya rantsuwa sunana zai bi da shi. Ni kuwa sakaran, a daidai wannan lokaci na ɗaga hannu, na taso daga bencin baya, na ajiye kwanon a kan teburinsa, daidai ƙarƙashin hoton, na buɗe murfi. Warin ya tashi, na bencin gaba suka toshe hanci. Na ce, "Malam, don Allah wannan aji nawa ya gama?" Ya leƙa, ya ja wuya baya, ya ce wannan wane irin iskanci ne. Na ce, "Ragonka ne, Malam. Ka ga ninkinsa. Wannan ƙaramar kuma zakaran Inna ne, shi ne sumul, kuma shi ya san lokacin asuba ba tare da agogo ba."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Ɗan mai wanki har faɗowa ya yi daga benci. Bitrus, da yake monita ne, ya cusa kai cikin riga kafaɗunsa suna rawa. Malam ya miƙe yana zuba Turancin da har yau ban san ma'anarsa ba. Hayaniyar ta jawo hedimasta, wani dattijo mai furfura da tabarau. Ya sa aka yi shiru, ya sunkuya kan kwanon, ya juya ƙwaƙwalwar da gindin fensir, ya ɗaga kai ya dubi hoton, ya sake duban kwanon. Ya daɗe. Na ga gefen bakinsa yana motsi. Ya gane, wallahi ya gane. Na tsaya ina jira babba ya faɗi gaskiya. Sai ya gyara tabarau ya ce dabba daban, mutum daban, kuma bulala goma sha biyu ga wanda ya kawo mushe aji. Ka ji masu ilimi. Su biyu, da takardunsu da komai, ba wanda ya amsa tambayar yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, sai suka amsa wa ɗuwawunsa. Da aka gama, Malam ya kira ni gaban tebur, ya ɗauki magogi, ya goge sunana ina kallo, a hankali, sannan ya hure ɓurɓushin ya zuba a ƙasa.

Da yamma ya iso ƙofar gidanmu a kan kekensa, da kan ragon a ɗaure a baya. Bai shiga zaure ba. A waje ya tsaya, gaban masu zaman dakali, ya kwance kabar, ya buɗe, ya nuna wa kowa ramin. Ban taɓa ganin fuskar Baba kamar ranar ba. Mutumin da bai taɓa sunkuyar da kai a kan sana'arsa ba ya cire hula yana ba wannan siririn haƙuri, ya shiga ya ɗauko ƙwaƙwalwar bijimi sukutum ya ba shi. Malam ya karɓa, bai ma ji nauyi ba, ya hau keke. Na san sauran nawa ne. Amma Baba bai fara da duka ba. Ya ɗauki fankon kan ya kai bakin haske, ya bi gefen saran da yatsa yana neman tsinin ƙashi, bai samu ba. Ya sa aka kawo kwanon, ya duba abin da ya rage a ciki, ya ga ko tantanin bai yage ba. Ya ce, "Da wane gatari?" Na ce ƙaramin. Ya ce, "Sara nawa?" Na ce huɗu. Ya sake duban saran. Shi biyar yake yi. Sannan ya ɗauko dorina ya ba ni haƙƙin amanar da na ci, a kan sawun bulalar makaranta. Washegari da asuba ya taɓa ni da ƙafa, ya miƙo mini ƙaramin gatarin ya ce, "Su sun ce ba ka da kai. Ni na ga kana da hannu. Tashi mu tafi."

Ka ga yadda hujjata ta yi aiki. Na ɗauke ta don in zauna a makaranta, ita ce ta nuna wa Baba cewa na isa fita. Inna ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta wanke rigar da wandon, ta shanya, ta sa a ƙasan adakarta. Kwanon kuwa ta goge shi da toka sau uku, daga baya ta mayar da shi na ruwan kaji.

Shekara hamsin da ɗoriya ke nan ina fasa kawuna. Bitrus ya yi karatunsa ya yi aikin ofis ya gama, yanzu kullum yana kan bencin rumfata yana cin harshe kyauta yana kirana Sumul. Malam Tanimu kuwa ƙarin girma ya yi ta samu, har ya zama mai zagayawa yana duba aikin wasu malamai. Allah kaɗai ya san yara nawa ya ƙwanƙwasa ya ji kuwwa. Da ya tsufa haƙoransa suka zube, duk Babbar Sallah ina aika masa da ƙwaƙwalwar rago guda a kwano mai murfi. Bai taɓa mayarwa ba, bai taɓa godiya ba. Ni ma ba don Allah nake yi ba, gara in faɗa.

Bara da damina jiri ya kwashe ni a gaban kututture, bakina ya ɗan karkace. Aka kai ni asibiti, aka tura ni cikin wani inji mai kama da bututu yana ta ƙara. Rahila, 'yar Bitrus, wadda na sha saya wa alewa, ita ce yanzu likita, ita ta zo da hoton ta ɗaga shi a gaban fitila tana nuna mini ɗan tabon da ya kawo ciwon. Ni ban ga tabo ba. Abin da na gani shi ne tudu da kwari, tudu da kwari, cunkus, ga babban kwarin tsakiya, ga 'yar ƙaramar ta ƙeya da ganyenta. Na ce, "'Yata, wannan na wa ne?" Ta ce, "Naka ne mana, Baba Sale." Na ce ta duba sunan da kyau. Ubanta yana gefen gado yana dariya har da tari.

Ta zauna ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce saman ƙwaƙwalwar mutum kamar babbar riga ce da aka cusa cikin ƙaramar jaka: faɗinsa ya fi ƙoƙon kai, dole ya tattare kafin ya shiga. Manyan kwaruruwan kowa yana da su, kuma kowanne da sunansa a wurin likitoci: wanda ya raba ɓari biyu, wanda ya kwanta saman kunne, da wanda ya gangaro daga tsakar ka, wanda tudun gabansa ke motsa jiki, na bayansa ke jin taɓawa. Ƙananan kuwa kowa da nasa zanen, ko tagwaye ba sa zama iri ɗaya. Ta ce nawa sun ɗan buɗe, wannan tsufa ne. Na ce idan aka ajiye mata hoton mahauci da na shehun malami, za ta iya ware su? Ta ce ko kusa. Sai na yi tambayar da na riƙe tun ina aji huɗu: yaushe abin yake ninkuwa? Ta ce, "Tun a ciki, Baba. A watannin ƙarshe kafin a haifi mutum. Da su ka zo duniya."

Ba zan ce hoton ya wanke ni ba. Yaron da ke da ninki cike da kai, amma ya ɗauki ruɓaɓɓiyar ƙwaƙwalwa ya kai wa mai riƙe da magogi, ba shi da bakin kiran wani sakarai. Yanzu a kasuwa injin zarto ne ke raba kai, minti ɗaya an gama, ƙwaƙwalwar ta fito a yanke da garin ƙashi, kuma ba mai damuwa. Jikokina suna ganin irin hoton Malam a waya yana juyawa da kansa, ba mai ƙwanƙwasa musu kai, ko da yake na lura har yau bencin gaba ya san aikin uban yaro. Hoton nawa na kawo shi gida na sa a adakar Inna, a kan rigar makarantar da muka tarar a ƙasa bayan rasuwarta, tana nan da ƙaurinta. Wani lokaci bayan aski na kan shafa kaina in tuna yatsun nan suna dannawa a hankali, suna neman abin da yake nan tun kafin ta fara ganin fuskata. Ta tafi tana zaton ba ta same shi ba.

Da ma ta gani. Ai aikinta ne.